Kajin OS da ciwon tayirod na garkuwar jiki

Kajin OS (gajarcen Obese Strain a Turanci, wato jinsi mai ƙiba) wani jinsin kaji ne da masu bincike ke kiwo domin nazarin yadda garkuwar jiki ke juyowa ta far wa tayirod, wato halittar da ke wuya wadda kumburinta ke haifar da maƙoƙo. Randall Cole na Jami'ar Cornell da ke Amurka ne ya samar da jinsin, bayan ya lura a tsakiyar shekarun 1950 cewa wasu 'yan tsirarun kaji mata a cikin farare irin na Leghorn suna tasowa da siffa ta daban. Ya riƙa ware su yana haɗa su barbara, har ciwon ya game kusan dukkan zuriyar, maza da mata. Daga baya Georg Wick ya ci gaba da nazarinsu a Innsbruck ta ƙasar Ostiriya.

Ɗan tsako yakan fito daga ƙwai kamar lafiyayye. Cikin makonnin farko sai fararen ƙwayoyin jini su fara kutsawa cikin tayirod, jiki kuma ya shiga ƙera sinadaran yaƙi da tayiroglobulin, furotin ɗin da ake sarrafa homon ɗin tayirod daga gare shi, kuma kafin wata biyu halittar ta lalace kusan gaba ɗaya. Kazar takan tsumbure, kitse ya taru mata a ciki da ƙarƙashin fata, gashinta ya yi tsawo da laushi kamar siliki, zankonta ya ƙanƙance, ga rashin jure sanyi. Ba ta hayayyafa yadda ya kamata sai an sa mata homon ɗin a abinci.

Amfanin kaza a nan shi ne ƙwayoyin garkuwa nau'in B suna girma a wata jaka ta musamman kusa da dubura, nau'in T kuma a tayimus, wata halitta ta daban da ke wuyan kaza, saboda haka ana iya cire kowanne a ga abin da zai biyo baya. Cire jakar yana sassauta ciwon, amma cire tayimus jim kaɗan bayan ƙyanƙyashewa yana tsananta shi, abin da ya nuna cewa akwai ƙwayoyin T masu taka wa garkuwa birki. Ita kanta tayirod ɗin tana da rauni na gado, domin tana zuƙar aidin fiye da kima tun kafin harin ya soma, kuma rage aidin da wuri yana sauƙaƙa cutar.

Ciwon ya yi kama ƙwarai da cutar Hashimoto ta ɗan'adam, wadda aka fara bayyanawa a 1912, kuma yana tasowa da kansa ba tare da an yi wa kazar allurar tayar da shi ba.