Dokar kashi 80 ta gurbin sauka a manyan filayen jirgin sama

A manyan filayen jirgi na duniya ba kamfani ne zai sayi jirgi kawai ya ce ni ƙarfe bakwai na safe zan sauka ba. Sai an ba shi gurbi, wato izinin sauka ko tashi a wani takamaiman lokaci. Dalili kuwa titin jirgi ba ya ƙaruwa, Heathrow na Landan titi biyu ne kacal, an kuma ƙayyade masa sauka da tashi 480,000 a shekara, ga shi kowa safiya yake so. Shi ya sa in jirgi ɗaya ya makara da safe sai na bayansa duk su bi sahu har yamma, tunda ba wani sarari da aka bari a tsakani.

To ya ake rabon? Tarayyar Turai ta yi dokarta a 1993, tana tafiya da ƙa'idojin IATA, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya. An raba shekara zango biyu, bazara da hunturu. In kamfani ya yi amfani da gurbinsa kashi 80 cikin 100 a zango, to irin wannan zangon na baɗi ma nasa ne, in ya gaza a karɓe a sake rabawa.

Asali kyauta ake bayarwa fa, amma da yake tsofaffin kamfanoni sun riga sun mamaye lokuta masu kyau, sabon shiga sai dai ya saya a hannunsu. A 2016 Oman Air ta biya dala miliyan 75 a kan gurbi biyu na safiya a Heathrow, kuma wa zai biya wannan kuɗi in ba fasinja ba?

Lokacin korona kamfanoni sun riƙa tashin jirage kusan ba kowa a ciki don kar gurbinsu ya salwanta, ana ƙona mai a banza, sai da Turai ta dakatar da dokar na ɗan lokaci a Maris 2020.

Ni gaskiya na fi yarda da masana tattalin arzikin da ke cewa filin jirgin da kansa ya tsauwala kuɗin sauka a lokacin cunkoso ya sassauta in ba cunkoso, wanda ba dole ne ya tashi da safe ba sai ya koma azahar, kuɗin kuma a zuba shi wajen faɗaɗa filin maimakon ya tafi aljihun wanda ya gaji gurbi.