Gwajin magani a jikin mutane

Gwajin magani a jikin mutane bincike ne da likitoci ke yi kan masu sa kai domin a tabbatar ko sabon magani, allurar rigakafi ko wata hanyar jinya tana aiki, kuma ba ta cutarwa. Mai ɗaukar nauyinsa yakan zama jami'a, cibiyar bincike ko kamfanin haɗa magunguna, kuma a wuyansa alhakin kuɗi da lafiyar mahalarta yake.

Ana bin mataki huɗu. A na farko mutane kaɗan ne, galibi masu ƙoshin lafiya, ake duba yadda jiki ke karɓar maganin. Na biyu yana neman gwargwadon da ya dace. Na uku shi ne babba: dubban mutane ake raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, wani ɓangare ya samu sabon maganin, ɗaya ya samu tsohon ko wata ƙwaya da babu magani a cikinta. Sau da yawa likitan kansa bai san wa ya samu wanne ba, don kada son zuciya ya shiga lissafi. Na huɗu sa ido ne bayan maganin ya shiga asibitoci.

Yawancin rigakafin da ake yi wa yara a Garwa da Marwa na arewacin Kamaru, da Njamena babban birnin Cadi, a wasu ƙasashe aka gwada shi. Allurar zazzaɓin cizon sauro ta RTS,S an gwada ta kan yara kusan 15,000 a ƙasashen Afirka 7 daga 2009 zuwa 2014, babu Kamaru a ciki, amma Kamaru ce ta fara saka ta cikin rigakafin yau da kullum a ranar 22 ga Janairu 2024. Ta R21, wadda Jami'ar Oxford ta ƙirƙiro, an gwada ta kan yara 4,800 a Burkina Faso, Mali, Kenya da Tanzaniya.

Cadi kuwa ta ba da gagarumar shaida kan sanƙarau. A Disamba 2011 aka yi wa mutane kimanin miliyan 1.8, 'yan shekara 1 zuwa 29, allurar MenAfriVac a Njamena da yankuna biyu na kusa. Da masu bincike na ƙasar da na makarantar nazarin cututtuka ta Landan suka kwatanta da yankunan da ba a kai ga yi wa ba, sai suka tarar cutar ta ragu da kashi 94 cikin 100.

Yarda ita ce inda aka fi samun tuntuɓe. Sanarwar Helsinki ta 1964 ta wajabta a yi wa mutum bayani ya fahimta kafin ya amince, kuma yana da 'yancin janyewa ko yaushe ba tare da ya rasa kulawar asibiti ba. Hausawa ba su manta da gwajin maganin Trovan na Kano a 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, wanda aka yi kan yara 200 kuma ya kai ga shari'a ta shekaru. A Duwala ta Kamaru ma gwamnati ta dakatar da wani gwajin maganin kariya daga cutar ƙanjamau a 2005, bayan ƙorafi kan bayanin da aka yi wa matan da suka shiga. A arewacin Kamaru da Cadi matsalar harshe ta fi tsanani: takardar amincewa da Faransanci take zuwa, mahaifiyar yaron kuwa Fulatanci, Hausa ko Larabcin Cadi take ji, don haka sai an nemi tafinta da shaida, ta dangwala yatsa. Sau da yawa kuma sai an fara gaida lamiɗo ko mai unguwa, ko da yake yardarsu ba ta maye gurbin tata.

Kafin a fara kowane gwaji sai kwamitin ɗa'a na ƙasa ya amince, a Yawunde ko Njamena. Kamaru ta kafa dokar bincike kan ɗan Adam a 2022, shekarar da aka buɗe Jami'ar Garwa mai tsangayar likitanci. Gwaje-gwajen da ake shirin yi ana rubuta su a rajistar nahiyar Afirka da ke Afirka ta Kudu, wadda kowa zai iya dubawa a intanet.