Yadda Dokar 1176 Ta Ba Magaji Damar Kai Ubangidansa Ƙara a Ingila

A Ingila ta ƙarni na 12 ƙasa duka ta sarki ce. Shi ke ba manyan fadawa, su kuma su rarraba wa na ƙasa da su bisa sharaɗin hidima, galibi ta yaƙi. Idan mai riƙe da gona ya rasu, magajinsa ba ya shiga kai tsaye. Sai ya je gaban ubangidan da ƙasar ke ƙarƙashinsa ya yi mubaya'a, ya biya kuɗin shiga gado. To idan ubangidan ya ƙi fa? Ƙarar tana zuwa kotun ubangidan nan ne, wato an ba kura ajiyar nama. In rikici ya yi tsanani, a raba gardama da fito-na-fito: kowane ɓangare ya kawo gwarzonsa, wanda aka kayar ya rasa ƙasa.

Akwai hanyar zuwa wurin sarki, amma mai tsawo ce. Wani Richard na Anstey ya fara neman gadon ƙasar wani kawunsa a 1158, bai samu ba sai 1163. Ya bi Sarki Henri na Biyu har ƙetaren teku a Faransa, maganar halaccin haihuwar abokiyar shari'arsa ta kai gaban Fafaroma, ya ci bashi da ruwa, ya kashe sama da fam 300. Shi ma don yana da hali ne.

A 1176, a taron Northampton, Henri ya fito da gyara. Da Faransancin lokacin ana kiran tsarin mort d'ancestor, wato mutuwar magabaci. Magajin da aka hana gado zai sayi takarda mai hatimin sarki, ya kai wa wakilin sarki na gundumarsa, ya kawo masu tsaya masa cewa ba zai yi watsi da ƙarar ba. Wakilin zai tara mutum 12 'yantattu, masu mutunci, daga maƙwabtan gonar. Za su je su ga filin da idonsu, sannan su rantse gaban alƙalan sarki su amsa tambaya uku. Ranar da mamacin ya cika, ƙasar tana hannunsa a matsayin abin gado? Ya rasu ne cikin wa'adin da doka ta yanke? Wannan mai ƙara shi ne magaji mafi kusa? Idan duka ukun e ce, sai a damƙa masa gonar.

A ganina, hikimar tana cikin ƙanƙantar tambayoyin. Ba a ce a tono tarihin wanda ya fara saran dajin ba, inda mai dukiya zai ja shari'a har talaka ya gaji. An tambayi abin da duk ɗan ƙauye ya sani: wa ya nome gonar bara, wa ya kwashe hatsinta, wane ne babban ɗan marigayi. Irin wannan magana da wuya babban mutum ya murɗe ta.

Sai dai dokar ba ta rufe kowa ba. Tana aiki ne idan mamacin uba ne, uwa, ɗan'uwa, 'yar'uwa, ko 'yan'uwan iyaye. Gadon kaka sai daga baya aka yi masa tasa takarda. Manoman da ke ɗaure da gandun ubangida, kuma suna da yawa ƙwarai, ba su da hurumi a kotun sarki kan gonakinsu. Wannan shi ne abin da ya fi yi mini ciwo, domin su ne suka fi buƙatar kariya.

Kuma takardar ba ta aiki a kan sarkin kansa. Sarki John, ɗan Henri, ya ɗora wa wani bafade, John de Lacy, mak 7,000 (mak ɗaya kashi biyu cikin uku ne na fam) a 1213 kafin ya shiga gadon mahaifinsa. Irin wannan tatsa na cikin abin da ya harzuƙa fadawa suka tilasta masa amincewa da Magna Carta, wata takardar yarjejeniya mai iyakance ikon sarki, a 1215. A ciki aka ƙayyade kuɗin shiga gado: fam 100 ga magajin babban bafade, sule 100 ga na barde. Sarki ya yi alkawarin ba zai sayar da adalci ba, ba zai hana shi ko ya jinkirta shi ba, kuma alƙalai biyu za su riƙa zuwa kowace gunduma sau huɗu a shekara don sauraron ƙararrakin gado.