Ajiyar ƙananan jiragen Wings of Glory da katunansu: amsa ɗaya, kowa ya karanta

Tambayoyin nan sun ishe ni. Duk wanda aka aiko wa jirgi biyu ko uku daga Turai sai ya zo da tambayar da na riga na amsa wa na gabansa, wani ma sai bayan fiffike ya riga ya ɓalle. To ga su nan wuri ɗaya. Wanda ya sake tambaya, nan zan turo shi.

Wai wane wasa ne ma?

Wasan yaƙin jiragen sama ne da ake yi a kan tebur. 'Yan Italiya biyu suka ƙirƙiro shi, Andrea Angiolino da Pier Giorgio Paglia. Ya fito a 2004 da sunan Wings of War, a lokacin kati ne zalla. Daga baya aka ƙara ƙananan jiragen, kuma tun 2012 kamfanin Ares Games ke buga shi da sunan Wings of Glory. Kowane jirgi na zuwa da fentinsa, da mazauninsa na roba mai garai-garai, da 'yan turaku huɗu masu nuna nisansa daga ƙasa, da katunansa na tafiya. Ka zaɓi katinka a kife, abokin karawarka ya zaɓi nasa, a buɗe, kowa ya tura jirginsa inda kibiyar katinsa ta nuna.

Ba caca ba ce?

Ba a sa kuɗi. Fatawa kuma ba aikina ba ne, akwai malamai.

Zan iya zuba su duka a gwangwanin biskit?

A'a.

To me ya sa? Ai roba ce.

Roba ce, amma ɗauki rula ka gani. Jiragen Yaƙin Duniya na Ɗaya an rage girmansu sau 144, na Yaƙi na Biyu sau 200. Fokker Dr.I, jirgin Jamus na Yaƙi na Ɗaya, na gaske faɗin fikafikansa mita 7 ne da ɗan ɗori, ke nan na hannunka santimita 5. A cikin wannan ɗan faɗin akwai fiffike uku, wani bisa wani, kuma sandunan da ke riƙe da su ba su kai kaurin tsinken ashana ba. Ga farfela, ga ƙafafun taya, ga bindiga. Ka haɗa irin wannan guda shida a gwangwani, farfelar wani ta shige tsakanin fikafikan wani, ka ɗauko ɗaya, biyu su biyo shi. A nan ake karyawa.

Kati ɗaya ya ɓace mini. Matsala ce?

Babba ma. Wannan ne abin da mutane suka ƙi ganewa: kowa hankalinsa na kan jirgi saboda shi ke da kyau, katin kuwa a watsar. Jirgin da ya karye gam zai ɗinke shi, ya tashi gobe. Jirgin da katinsa ya ɓace ya zama kayan ado. Kowane rukunin katunan tafiya na da harafinsa, kowane kati da lambarsa, kuma rukunin shi ne halin jirgin: saurinsa, da irin kwanar da yake iya sha. In katin juyin Immelmann ne ya ɓace, wato juyin da aka sa wa sunan matuƙin Jamus Max Immelmann da ya mutu a 1916, to jirginka ba ya da hanyar juyowa da sauri ya fuskanci wanda ke binsa a baya. Ba kuma a shagon unguwa za ka sayi madadinsa ba.

Saboda haka a ƙirga kati kafin a tashi daga tebur, a jera su bisa lamba. Ba sai an koma gida ba. Wanda ya faɗa ƙarƙashin kujera a gidan mutane, da safe an share shi.

Ya lanƙwashe kaɗan ne kawai a kusurwa.

A kife ake ajiye katin don kada a san dabararka. Katin da ke da lanƙwasa ko ɗigon mai a baya, bayan wasa biyu abokinka ya haddace shi. Ba ma sai ya yi niyyar maguɗi ba, ido ne ke gani.

In ɗaure su da robar ɗaure kuɗi?

Kada ka soma. Tana cin gefen kati na sama da na ƙasa, in ta daɗe cikin zafi kuma ta narke ta manne a jikinsa. 'Yar ƙaramar leda mai zif, rukuni ɗaya leda ɗaya, a rubuta harafin da sunan jirgin a jiki. Kuɗinta bai taka kara ya karya ba.

Rigar kati fa, wato 'yar ledar da ake zura kowane kati a ciki, dole ce?

Ba dole ba ce, amma ni ina sawa. Kafin ka saya, auna katinka da kanka, domin ƙananan riguna iri-iri ne: akwai milimita 41 da 63, akwai 44 da 68, ga kuma babba mai 63.5 da 88 wadda ta yi wa katin tafiya yawa ƙwarai. Abin lura ɗaya: a wannan wasan da katin kansa ake auna tafiyar jirgi, don haka rigar da ta yi lebe a gefe tana ƙara maka milimita ɗaya ko biyu a kowane taku. Masu tsanani na ƙorafi a kan haka, kuma suna da gaskiyarsu. Ko dai a nemi mai ɗamewa, ko kowa a teburin ya sa iri ɗaya. A guji leda mai taushi mai warin sabon labulen banɗaki, irin ta PVC, domin idan ta daɗe tana yin danƙo ta kwashi tawadar katin.

In zubar da kwalin da jirgin ya zo a ciki?

Kwalin waje, ka ga dama. Robar ciki da aka ƙera daidai jikin jirgin, riƙe ta.

Zan yi doguwar tafiya da jirage kusan ashirin. A me zan ɗauke su: kwalinsu, soso, ko maganaɗisu?

Wannan ita ce tambayar da ta cancanci a zauna, kuma ba ta da amsa ɗaya. Ya danganta da irin jiragenka, da irin hanyar, da abin da aljihunka zai ɗauka.

Fara da wannan: ba faɗuwar akwati ce ke karya yawancin jirage ba, motsin jirgin ne a cikin akwatin. Duk hanyar da ka zaɓa, ka rufe, ka kai kusa da kunne, ka girgiza a hankali. In ka ji ƙwal-ƙwal, ba ka shirya ba.

Robar asali ita ce mafi aminci, tunda an auna ta da jirgin. Aibinta cin wuri. Jirgi biyar ko shida, ba laifi. Ashirin kuwa sun cika jaka guda, kuma za ka ɓata rabin sa'a kana buɗewa da rufewa. Ban da haka, wasu robobin na riƙe jirgi gam, sai wajen cirowa mai gaggawa ya ja ta farfela. A tura daga ƙasa da yatsa, a kama ta gangar jiki.

Da yawa daga masu wasan a Amurka na amfani da akwatin masu kamun kifi mai gida-gida, irin na kamfanin Plano, wanda ake iya matsar da katangunsa. Yana da arha kuma ana ganin abin da ke ciki. Amma in ba a shimfiɗa wani abu mai laushi a ƙasa da sama ba, jirgin rawa zai yi ta yi a ɗakinsa har fenti ya koɗe a bakin fiffike. Ga wanda ke nan gida, irin akwatin da masu gyaran waya ko masu sayar da duwatsun ado ke amfani da shi zai iya aikin, muddin zurfinsa ya wuce tsayin jirgin. Wanda ya fi sauran tsayi a cikin jiragenka, da shi za ka gwada.

Sai soso. Kamfanoni irin su Feldherr a Jamus da KR Multicase a Ingila na sayar da farantan soso masu ramuka, kuma suna da kyau, sai dai kuɗin aikowa kan sa mutum ya sake tunani. Za ka iya zuwa wurin masu kujeru ka sayi ragowar soso ka yanka da sabuwar reza. Na ce za ka iya, ban ce ko wane soso ba. Mai kaushi na goge fenti, yana kuma kama ƙafar taya. Mai arha sosai na marmashewa idan ya sha zafi. Ramin kuma kada ya matse fiffike. So ake ya tallafi jirgin, ba ya shaƙe shi ba. Wasu na shimfiɗa ƙyalle mai santsi a cikin ramin, hakan na taimakawa. Auduga dai a'a: zarenta na naɗe sanduna, ka zo cirewa ka taho da su.

Maganaɗisu kuwa, nan ne nake taka-tsantsan. Akwai masu manna ƙaramin maganaɗisu mai ƙarfi, milimita 2 ko 3, a cikin jirgin ko ƙarƙashin mazauninsa, su jera a kan farantin ƙarfe. Babu abin da ke taɓa fenti, fitarwa da mayarwa nan take. A kan shimfiɗaɗɗen titi ko cikin jirgin ƙasa, madalla. A hanya mai ramuka kuwa ban yarda da shi ba, musamman in jirgin na tsaye kan turakunsa: kowace girgiza a saman take ƙarewa, kuma ɗaya in ya kuɓuce zai bi ta kan sauran. Sannan in ka yanke turken asali don ka manna maganaɗisu, ba komawa baya, mai saye gobe ma zai rage maka kuɗi.

Manyan masu jefa bam lissafinsu daban. A faɗin fikafikai, Gotha G.V ya haura santimita 16, Handley Page O/400 kusan 21, Zeppelin Staaken R.VI kusan 29. Waɗannan a bar su a robarsu ta asali, ko a yi wa kowanne kwalinsa. Ba su shiga gidan kowa.

To in ni ne da ashirin ɗin nan, kuma hanyar mota ce: ƙananan a akwati mai gida-gida da shimfiɗar soso mai laushi sama da ƙasa, kowanne an cire shi daga turke, manyan a robarsu, mazaunai a ledarsu daban domin gefensu na da kaifi, kati a can ƙasan jaka, domin kati in ya taru nauyi gare shi, kada ya taɓa zama ɗaki ɗaya da jirgi. Jakar kuma a cinyata. Ba but ba, ba kuma hannun yaran mota su ɗaure a sama tare da buhuna ba. Wani zai ce maganaɗisu ya kai shi ya dawo da shi lafiya, ban musa ba. Wataƙila titinsu ya fi namu.

Mazaunan sun cakuɗe. Ai duk ɗaya ne?

Ba ɗaya ba ne. Duba rubutun jiki: harafin katunan jirgin da ƙarfinsa na nan. Haɗa kowanne da nasa.

Na bar su a mota na shiga kasuwa, yanzu fiffike ya sunkuya.

Haba malam. Motar da aka rufe cikin rana cikinta na iya wuce digiri 60, balle a watan Afrilu da waje ma ya haura 40. Roba na laushi, gam na saki, rigar kati na yin tudu da kwari. Haka saman wadurob a ɗakin kwano marar silin. A nemi wuri ƙasa-ƙasa, cikin inuwa, nesa da taga; hasken rana ma kaɗai na koɗar da fenti.

Ƙura fa? Da damina?

Lokacin hunturu a rufe su, kada a jera a fili don baƙi su gani. In ƙura ta hau, buroshin kwalliya mai laushi, busasshe. Ba ruwa, ba tsumma, ba hurawa da baki. Da damina kuwa kati ne abin tsoro: yana shan laima ya bankare, ya yi fumfuna. 'Yan ƙunshin nan da ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi, masu tsotse laima, a jefa biyu ko uku a akwatin. Kada a ajiye kwali a daɓe ko jikin bango. Gara ba ta san kati ya zo daga Italiya ba.

A jirgin sama fa?

Jakar hannu. Wuƙar gyara da reza su tafi cikin babban akwati, in ba haka ba a karɓe su a wurin bincike. Nauyi da girman jakar kuma ka duba dokar kamfanin da za ka hau, kowa da tasa. In jami'i ya ce buɗe, ka buɗe da hannunka, ka nuna masa, cikin ladabi.

Turken da ke ƙarƙashin jirgin ya ɓalle. Ya mutu ke nan?

Kwantar da hankalinka, wannan kusan kowa ya gani. Ɗigon sufa-gulu a bakin tsinke, ba daga bakin kwalba kai tsaye ba, ka riƙe shi a miƙe har ya kama. Ka nisanta shi da roba mai garai-garai, domin tururinsa na barin farin hazo mai wuyar gogewa, kuma kada ka rufe akwatin sai washegari. Nan gaba in za ka cire jirgi daga turke, murɗa a hankali, kada ka fizga gefe.

Yarana na son taɓawa.

Ba su jirgi ɗaya da ka haƙura da shi, kana zaune. Turaku da maganaɗisu kuwa a kulle. Yaro in ya haɗiye ƙananan maganaɗisu biyu suna iya manne wa juna ta cikin hanji su huda shi. In hakan ta faru asibiti za a nufa nan take, ko da yaron na wasansa bai ce komai na yi masa ciwo ba.