Ƙululun da Ba Ya Ciwo da Batun Sankarar Mama

An daɗe ana cewa sankarar mama ciwon manyan mata ne, kuma ƙululun da ba ya ciwo ba abin damuwa ba ne. Wannan tunanin, haɗe da kunya da tsoron abin da za a gano, yana hana ɗalibai mata da yawa a jami'a duba nononsu. Wata kuma ba ta taɓa samun wanda ya nuna mata yadda ake yi ba.

Gaskiya ne cutar ta fi kama waɗanda suka haura shekara 40, amma tana samun 'yan mata ma. Kuma sau da yawa ƙululun sankara ba ya zafi a farkonsa, shi ya sa ake sakaci da shi. Yawancin ƙululun da budurwa ke ji ba sankara ba ne, sai dai likita ne kaɗai zai tantance.

Dubawar ba wuya. Sau ɗaya a wata, kwanaki kaɗan bayan ɗaukewar al'ada, lokacin da nono ya saki, ki tsaya gaban madubi ki ɗaga hannuwa. Lura da fata ko ta lotsa ko ta yi kamar ɓawon lemu, da kan nono ko ya shige ciki ko yana fitar da jini. Sannan ki kwanta ki lallatsa da tafin yatsu uku, har cikin hammata, wurin da aka fi mantawa. In kin ji baƙon abu, je asibiti ko da ba ya ciwo.

Don Allah a tura wa ƙawaye da ƙanne.