Horar da Masu Koyar da Yara Wasan Tanis

Horar da masu koyar da yara wasan tanis reshe ne na ilimin horarwa da ke shirya koci domin ya karɓi yaro ɗan shekara biyar zuwa goma, wanda bai taɓa riƙe raket ba, ya sa shi a hanya har ya iya buga wasa da ɗan'uwansa. Hukumomin tanis na ƙasashe ne ke gudanar da wannan horo, akasarinsu bisa tsarin Hukumar Tanis ta Duniya, wato ITF, wadda aka kafa a birnin Paris a 1913, hedkwatarta kuma tana Landan. An ware shi daga horon kocin ƙwararru saboda iya buga wasa daban, iya koyar da yaro daban. Tsohon ɗan wasa na iya sanin kowane irin bugu, amma ya rasa yadda zai yi da yara goma sha biyu a fili guda.

Asali

A da, darasin tanis na yara kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Koci zai tsaya a bayan raga da kwandon ƙwallo, yara su yi layi, kowa ya zo ya bugi ƙwallo ɗaya ko biyu ya koma baya ya jira. Ana amfani da ƙwallon manya da filin manya, a kan kuma shafe watanni ana gyaran riƙon raket kafin a bar yaro ya ƙirga maki. Yara da yawa sukan gaji su koma wani wasan.

Tun cikin shekarun 1970 aka fara gwada ƙaramin fili da ƙwallon soso a Suwidin, daga baya Birtaniya da Faransa da Beljiyam suka fito da nasu tsarin. A ɓangaren nazari kuma, wasu malamai biyu na Jami'ar Loughborough a Ingila, David Bunker da Rod Thorpe, sun fitar da wata hanya a 1982 da ke cewa a fara koyar da wasa da wasan kansa, gyaran fasaha ya biyo baya idan buƙatarsa ta taso. ITF ta haɗa waɗannan dabaru a kamfen ɗin Play and Stay da ta ƙaddamar a 2007. Manufarsa ita ce ɗan koyo ya yi sabis, wato bugun fara wasa, ya yi musayar ƙwallo, ya kuma ƙirga maki tun daga darasin farko. Ɓangaren yara na shirin shi ake kira Tennis10s. Daga farkon 2012 abin ya zama doka: ba a yarda a yi gasar yara 'yan shekara goma zuwa ƙasa da ƙwallo rawaya ta manya ba.

Ƙwallo, fili da raket

Abu na farko da ake nuna wa sabon koci shi ne dalilin rage kayan wasa, domin wanda bai gamsu da dalilin ba zai koma tsohuwar hanya da zarar ya bar kwas. Ƙwallo rawaya idan aka sake ta daga tsayin santimita 254 takan tashi santimita 135 zuwa 147. Yaro ɗan shekara bakwai kuwa tsayinsa bai cika wuce santimita 125 ba. Ke nan ƙwallon tana zuwa masa ne a saman kai. Dole ya karkatar da riƙonsa ko ya riƙa kai mata sara daga sama, wannan ɗabi'a kuma tana da wuyar cirewa idan ya girma. Kamar a miƙa wa yaro galmar babansa ne a ce ya yi huɗa.

Saboda haka aka raba koyo zuwa matakai uku. Jar ƙwallo, ta soso ko ta gashi, ta fi sauran girma, gudunta kuma ya ragu da kusan kashi 75 cikin ɗari. Ana buga ta a fili mai tsawon kimanin mita 11 da faɗin mita 5 zuwa 6, raga mai tsayin santimita 80, da raket ɗin da bai wuce inci 23 ba. Ita ce ta 'yan shekara biyar zuwa takwas. Ƙwallo mai ruwan lemo tana da rabin gudun rawaya, filinta kimanin mita 18 ne, raket kuma har inci 25. Koriyar ƙwallo kuwa gudunta ya ragu da kashi 25 kacal, ana buga ta a cikakken fili mai tsawon mita 23.77 da faɗin mita 8.23. Shekarun da aka rubuta jagora ne kawai. Abin da ake so koci ya duba shi ne ko yaron yana iya sarrafa ƙwallon da kai ta inda yake so kafin a ɗaga shi gaba.

Akwai wata fa'ida da ta fi muhimmanci a inda filaye suka yi ƙaranci: ana iya yanka filin manya guda a kwance a fitar da jajayen filaye huɗu ko fiye. Ko babu filin tanis ma, daɓen makaranta mai laushi da alli da igiya sun isa a fara.

Abin da ake yi a kwas

Mafi yawan lokacin kwas a fili ake cinye shi. Masu koyon aikin sukan zama yaran da kansu, ɗaya daga cikinsu ya karɓi darasi, malamin kwas yana gefe yana kallo. A nan ake ganin kurakuran da kusan kowa ke zuwa da su. Mutum zai tara yara ya yi ta bayani na minti biyar a kan yadda ake juya kafaɗa, alhali ɗan shekara shida ya daina saurare tun a jimla ta biyu. Malamin zai tsayar da shi, ya ce ya nuna da jikinsa, ya faɗi abu ɗaya, ya sake su. Ana koya masa ya durƙusa daidai tsayin yaro idan zai yi magana da shi, ya tsaya inda idonsa ke kan dukan filayen, ya jefa ƙwallo da hannu daga ƙasa ta sauka a gaban yaro ta taso masa daidai ƙugu. Wannan jifa tana da sauƙi a ido, amma ana ɗaukar lokaci kafin hannu ya saba.

Sai batun tsara rukuni. Ƙa'idar ita ce kada a ga yaro a layi yana jira. Ana haɗa su biyu-biyu, ɗaya ya jefa ɗaya ya buga, ko su riƙa mirgina ƙwallo a ƙasa da raket tsakaninsu, sannan a bar ta ta yi tsalle, sannan a sa raga. Idan abin ya yi wa wasu biyu wuya, koci zai matso da su kusa ko ya bari ƙwallo ta yi tsalle sau biyu. Idan ya yi sauƙi, ya faɗaɗa filin ko ya ajiye wata alama da za su auna. Iya wannan sauye-sauye cikin gaggawa, ba tare da an dakatar da sauran yara ba, shi ne ainihin gwanintar aikin, kuma a nan ne nagartaccen koci ke bambanta da mai takarda kawai.

Ana kuma koyar da gasa daidai ƙarfin yara: gajeren wasa zuwa maki 7 ko 10, gasar ƙungiya, da tsarin da kowa zai kara da kowa domin kada yaro ya sha kashi sau ɗaya a sallame shi gida. Akwai darussa a kan girman jikin yaro, gudu da tsalle da jifa da cafewa, taimakon gaggawa, da kare yara daga cin zarafi. A Birtaniya da Amurka sai an binciki tarihin mutum kafin a amince masa ya yi aiki da yara a ƙarƙashin hukumar tanis.

Matakan takardar shaida

Ƙofar shiga a tsarin ITF ita ce kwas ɗin Play Tennis, na 'yan kwanaki, wanda malaman makaranta da iyaye da 'yan sa kai ma kan halarta. Bayansa akwai matakai uku: na masu koyar da 'yan koyo da matsakaita, na ƙwararru, sai na manyan 'yan gasa. A mataki na ɗaya akan gwada mutum a rubuce, a duba bugunsa, a kuma sa shi ya koyar a gaban alƙalai. Tun 2019 hukumar ta buɗe ITF Academy a intanet, inda ake yin wani ɓangare na karatun kafin a zo fili.

Manyan ƙasashen tanis suna da nasu tsarin. Ostareliya tana da Hot Shots, Amurka ta fara da QuickStart a 2008 kafin Net Generation, Faransa kuma tana da Galaxie Tennis, kuma a can doka ba ta yarda mutum ya koyar da wasa don kuɗi ba sai da takardar da hukuma ta amince da ita. A Afirka, kwasa-kwasan kan zo ne ta hannun hukumomin ƙasa, kamar Hukumar Tanis ta Najeriya, tare da Hukumar Tanis ta Afirka da ITF, wani lokaci da tallafin asusun Olympic Solidarity na kwamitin wasannin Olimfik na duniya. Shirin ITF na Junior Tennis Initiative, na 'yan shekara 14 zuwa ƙasa, yana taimaka wa ƙasashe da raket da ƙwallaye da horon masu koyarwa a makarantun firamare.

Saɓanin ra'ayi

Ba kowa ne ya rungumi tsarin ba. Wasu tsofaffin kociyoyi suna cewa manyan zakarun baya da ƙwallo rawaya suka tashi, kuma tsarin launuka yana riƙe yaro mai baiwa. Masu goyon baya suna amsa cewa zakaru 'yan ƙalilan ne, ba a ƙirga dubban da suka gudu tun a watan farko. Hujjar ta biyu ta fi ƙarfi, ko da yake gaskiya ne wasu kociyoyi sun ɗauki "a bar su su yi wasa" a matsayin izinin watsi da gyaran fasaha, wanda tsarin bai ce a yi ba. Matsin da koci ya fi fuskanta kuwa daga iyaye yake zuwa, masu ganin jar ƙwallo wasan yara ce, suna son a kai ɗansu babban fili da wuri. Shi ya sa kwasa-kwasai da dama suke ware lokaci a kan yadda koci zai zauna da uba ko uwa ya nuna musu, da ƙwallayen a hannu, inda kowace ke tashi a jikin ɗansu.