Bayan tiyatar rage ƙiba: tumbi ya ƙanƙance, amma tukunyar gida tana nan yadda take

Wata huɗu da dawowarta daga Masar ta shigo ɗakin da nake duba marasa lafiya, uwar 'ya'ya uku, tana dafa bango saboda jiri. Da ta zauna sai ta zame ɗankwali ta nuna mini gaban kanta inda gashi ya zube, ta ce, "Sista, don Allah ki duba ni da kyau. Ko dai gaskiya mutane suke faɗa?" A unguwarsu wasu sun ce jifa aka yi mata, wasu kuma suna raɗa sunan cutar nan da ba a son ambata. Surukarta har ta aiko mata da jarkar jiƙo. Alhali tiyatar rage ƙiba aka yi mata, kuma ban da maigidanta babu wanda ya sani, domin tana ganin ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Bitamin ɗin da ta taho da su sun ƙare tuni, ba ta sayi wasu ba. Maganin hawan jini kuwa tana nan tana sha daidai yadda take sha lokacin da take da tsohon nauyinta, ga shi ruwan da take sha a wuni bai taka kara ya karya ba. Babu wanda ya zaunar da ita da Hausa ya gaya mata abin da ke gabanta.

Saboda irinta nake wannan rubutu. Mutanenmu suna zuwa Masar da Indiya da Turkiyya a yi musu wannan aiki, wasu asibitocin kuɗi a Legas da Abuja ma suna yi. A ɗakin tiyata awa ɗaya zuwa uku ne an gama. Sauran aikin a gida yake, a gaban kwanon tuwo, a wajen biki, a ɗakin aure, kuma har ƙarshen rayuwa ake yin sa.

Iri biyu aka fi yi yanzu. Na farko likitoci suna ce masa silib: a yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi a fitar, a bar siriri mai kama da ayaba. Ɓangaren da ake cirewa shi ne ya fi samar da sinadarin da ke sa mutum jin yunwa, shi ya sa mutum kan wuni bai nemi abinci ba. Na biyu shi ne baifas, wanda likita Edward Mason ya fara a Jami'ar Iowa ta Amurka a shekarun 1960: a keɓe 'yar jaka a saman tumbi, girmanta bai wuce ƙwai ba, a haɗa ta kai tsaye da ƙaramin hanji, abinci ya tsallake ragowar tumbin da farkon hanjin. Ba kowa ake yi wa ba. Ana raba nauyin mutum na kilo da tsawonsa na mita sau biyu, kuma ƙa'idar da manyan ƙungiyoyin likitocin fannin suka fitar a 2022 ta ce in sakamakon lissafin ya kai daga 35 zuwa sama ana iya yi, ko daga 30 in akwai cuta irin ciwon suga. Mace mai tsawon mita 1.6 da ta kai kilo 90 ta taɓa 35 ke nan. Ina faɗin wannan ne don masu cewa "ragwanci ne, ta kasa kama bakinta". Wanda gwiwarsa ta daina ɗaukarsa, sugansa ya ƙi sauka, minshari yana yanke masa numfashi da dare, magani ya je nema, kamar mai kaba ko mai yanar ido.

Makonni biyun farko bayan aikin, abinci ruwa-ruwa ne kawai: romon kaza ko na kifi da aka tace aka kwashe man sama, madara marar kitse, nono marar sukari. Sannan a koma abin da aka markaɗa ya yi sumul, sai mai laushi, a hankali har wajen mako shida zuwa takwas kafin a fara taɓa abincin gida. A lokacin nan cokali uku zuwa huɗu sun isa su cika mutum. In aka ƙara loma ɗaya a kan ƙoshi, ƙirji ya toƙare, yawu ya taru, amai ya biyo.

To a nan rigimar take, domin mu mutane ne da muke nuna ƙauna da abinci. Ka je gidan gwaggonka ta zuba maka tuwo malmala biyu, in ka ci rabin ɗaya ta ce, "Ko miyar ce ba ta yi ba?" Amarya ta rame a ce miji ba ya riƙe ta da kyau. Muna cikin al'ummar da har yau 'yan mata suke shan ƙwayoyin sa ƙiba gabanin aure. A irin wannan wuri, wadda ta zubar da kilo 25 cikin 'yan watanni dole a sa mata ido. Shawarar da nake ba kowa ita ce kada a ɓoye wa mutanen da ake ci tukunya ɗaya da su. Ba sai an yi shela a unguwa ba, amma mahaifiya, da suruka in gida ɗaya ake, da duk mai girki, su san cewa likita ya yi aiki a ciki, kuma cin kaɗan umarninsa ne. Kalma ɗaya ta wadatar a wajen biki: "Hajiya, an yi mini aiki a ciki, likita ya hana ni cin da yawa, a zuba mini in tafi da shi." Ban taɓa jin dattijuwar da ta yi fushi da wannan ba. Ku kuma 'yan uwa, in ta ce ta ƙoshi, ku yarda. "Daure ki ƙara" ba alheri ba ne a wurinta.

Tunda wuri a tumbin ya yi kaɗan, abin da zai fara shiga shi ne mai gina jiki. Ana son furotin giram 60 zuwa 80 a rana, kuma duk muna da shi a kasuwa: dafaffen ƙwai, kifi, kaza mai laushi, alale, awarar da ba ta sha mai ba, kindirmo, wake da ya dahu lugub. Tuwo da shinkafa da biredi da gurasa su zo a ƙarshe in an sami wuri, domin su ne suke cushewa su hana mai amfani shiga. Kilishi da busasshen tsire da naman sallah da aka soya ya ƙandare, a haƙura da su na tsawon watanni, in an dawo kuma a tauna har su zama kamar kunu. Kowane zaman cin abinci ya ɗauki minti 20 zuwa 30.

Ruwa shi ne abin da ya fi kai mutanenmu gadon asibiti, musamman a watannin bazara. Ana buƙatar lita ɗaya da rabi zuwa biyu a rana, amma ba a iya kwankwaɗa. Kurɓa ake yi, kaɗan-kaɗan, daga safe har dare. Kuma ba a haɗa ci da sha: a dakata da ruwa minti 30 kafin abinci da minti 30 bayansa. Na san wannan yana da wuya ga wanda ya saba kora kowace loma da ruwan randa. A riƙa yawo da gora, a kuma duba fitsari. In ya yi ja ya ragu, jiki ya fara bushewa.

Sai zaƙi. Wanda aka yi wa baifas, wani lokaci har mai silib, in ya sha zoɓo mai sukari ko lemon kwalba ko shayi mai kauri, sukarin yana faɗawa hanji a lokaci guda. Cikin minti 10 zuwa 30 sai gumi ya karyo, zuciya ta hau bugawa, ciki ya murɗa, gudawa ta biyo. Wani kuma sai bayan awa ɗaya zuwa uku sugansa zai faɗi, jiki ya hau rawa, ido ya yi duhu. Na ga wadda aka tofa wa addu'a ana zaton iska ce ta taɓa ta a wajen suna, alhali kunun aya mai zaƙi ta sha. Fura ma in za a sha, a dama ta da nono ba sukari, a sha kaɗan.

Maganar bitamin ita ce wadda nake roƙo a riƙe ko da an manta sauran. Sabon tumbin ba ya tsotse bitamin B12 da sinadarin ƙarfe da kalsiyam kamar da. Illar rashinsu ba ta bayyana yau ko gobe; sai bayan watanni ko shekaru a ga ƙarancin jini, ƙafafu suna tsikari suna mutuwa, ƙashi ya yi rauni. Shan su na har abada ne, tare da gwajin jini a wata uku, wata shida, shekara, sannan duk shekara. Duk mai lissafin kuɗin tafiya ya sa kuɗin wannan a ciki. Zubar gashi a tsakanin wata uku zuwa shida abu ne da aka saba gani, yakan tsaya gashin ya dawo in ana cin mai gina jiki. Amma amai da ya ƙi tsayawa kwana da kwanaki ba abin zama a gida ba ne, domin yana ƙarar da bitamin B1, rashinsa kuwa yana taɓa ƙwaƙwalwa da ido da tafiya, wani lokaci ba ya gyaruwa.

A kiyayi kemis. Ibuprofen da diclofenac da haɗe-haɗen maganin ciwon jiki da ake ƙullawa a leda suna iya jawo gyambo a wurin ɗinkin, taba ma haka. Farasitamol shi ne aka fi amincewa da shi. Mai ciwon suga ko hawan jini kuma ya koma wurin likitansa tun makon farko a sake masa awon magani, kada ya ci gaba da na da, kada kuma ya yanke da kansa. Jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba, a ajiye su.

Ana yawan tambayata batun azumi. Likitocin fannin suna ba da shawarar a jinkirta shi aƙalla wata shida zuwa shekara bayan aiki, domin wanda ba ya iya shan ruwa da yawa lokaci guda ba zai iya rama ƙishin wuni tsakanin magariba da asuba ba. Allah Ya yi wa marar lafiya rangwame a cikin Suratul Baƙara. A tambayi likita halin jiki, a tambayi malami hukuncin ramuwa. Ranar da aka sami izinin yi, a buɗa baki da ruwa kurɓi-kurɓi da dabino ɗaya, a huta, sannan a ci mai gina jiki. Kada a far wa ƙosai da kunu da lemo a zama ɗaya.

Ga matan aure akwai magana mai nauyi. Da ƙiba ta fara sauka, al'ada takan daidaita, wadda ta shekara da shekaru tana neman haihuwa tana iya ɗaukar ciki ba zato. Abin farin ciki ne, amma ba a son ya zo kafin wata 12 zuwa 18, lokacin da jiki yake zubewa, abincin uwa bai ishi ita kanta ba balle ɗan tayi. Ƙwayar tazarar haihuwa ta baki ba abin dogaro ba ce bayan baifas, a je asibiti a zaɓi wadda ake sakawa a hannu ko a mahaifa. Wannan shawara ce ta mutum biyu, don haka maigida ya zo a yi maganar da shi, tun kafin dangi su fara tambayar "har yanzu shiru?"

Zaman aure kansa yana girgiza. Wani bincike da aka buga a 2018 kan mutanen ƙasar Suwidin ya nuna cewa bayan tiyatar, rabuwar aure ta ƙaru a tsakanin ma'aurata, yin sabon aure kuma ya ƙaru a tsakanin marasa aure. Ban yi mamaki ba. Matar da da ba ta fita yanzu tana son zuwa ko'ina, miji ya fara zargi. Wani mijin kuma kullum cewa yake, "Ni da jikinki na da na fi son ki." Ga fatar da ta saki a damtse da ciki da cinya, mace tana jin kunyar tuɓewa a gaban mijinta, zafi kuma yana sa ƙuraje a lanƙwasar fatar in ba a wanke ana busarwa ba. Maza ma suna shan nasu a majalisa, inda abokai ke tsokanar wanda ya kasa gama ƙullin tsire ɗaya. Wanda kuma da abinci yake huce baƙin cikinsa, yanzu an rufe masa wannan ƙofa, sai damuwar ta nemi wata, wani ya faɗa ƙwaya ko maganin tari. In barci ya ƙaurace, kuka ya yawaita, ko tunanin cutar da kai ya fara zuwa, a gaya wa ma'aikacin lafiya a ranar. Nauyi yakan kai ƙarshen saukarsa a shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, daga baya wani abu ya ɗan dawo. Kada kunya ta hana mutum komawa asibiti a lokacin.

Masu shirin tafiya waje, kada ku hau jirgin dawowa sai da takardar da ta bayyana irin aikin da aka yi da magungunan da aka rubuta, kuma ku sami likita a gida da zai karɓe ku tun kafin ku tashi. A cikin jirgi a riƙa miƙewa ana takawa saboda gudan jini. A makonnin farko, in zuciya tana bugawa sama da 120 a minti, ko zazzaɓi, ko ciwon ciki mai tsanani da ke harbawa kafaɗar hagu, ko numfashi ya yi wuya, ko ƙafa ɗaya ta kumbura, a tafi babban asibiti a daren, a gaya wa na bakin ƙofa cewa an yi tiyatar tumbi.

Ita baiwar Allah da na fara da labarinta, likita ya rage mata maganin hawan jini, gwaji ya nuna jininta ya yi ƙasa, aka mayar da ita kan bitamin da maganin ƙarin jini. A zuwanta na gaba na roƙe ta ta taho da surukarta. Na zana wa Hajiya tumbi a takarda, na nuna mata abin da aka cire da abin da ya rage. Ta daɗe tana kallon takardar, sannan ta ce, "To 'yar nan, alalen da manja za a yi mata ko ba manja?"